Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato: Mu Da Muka Haura Shekara 35, Ina Za Mu Koyi Sabuwar Sana'a?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka, da 'yan majalisar zartarwarka, da 'yan Majalisar Dokokin Jiha, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Ba ni da muƙami, ba ni da ƙungiya mai rajista. Tsohon direba ne ni, shekaruna 48, ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Ina magana ne da yawun wasu mutane da muke haɗuwa bayan sallar isha'i a wata rumfa a Mabera, mu kusan talatin, da kuma matan da suka aiko da nasu saƙon ta bakin mazajensu da 'yan uwansu. Kowannenmu yana da sana'ar da ya ci abinci da ita shekara da shekaru, ta mutu a hannunsa ko aka raba shi da ita da ƙarfi, alhali bai tsufa ba balle ya zauna 'ya'ya su ciyar da shi.

A cikinmu akwai mai ɗaukar hoto wanda wayar salula ta kashe wa kasuwa. Akwai mai gyaran rediyo, da wanda ya shekara goma sha biyu yana sayar da katin waya kafin kowa ya koma saye ta banki. Akwai 'yan kasuwa uku da shagunansu suka ƙone ƙurmus a gobarar babbar kasuwa ta ranar 19 ga Janairun 2021, har yau ba su sake miƙewa ba. Akwai manoma daga Sabon Birni da Isa da Rabah waɗanda 'yan bindiga suka kora daga gonakin iyayensu. Akwai malamin firamare da ya ajiye aiki da ƙarfinsa. Sai irina, direbobi da 'yan kamasho na hanyar Illela.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gabana watan jiya. Na raka ɗaya daga cikin manoman nan wata cibiya da aka ce ana raba fom na koyon sana'a. Mutum ne mai shekara 46, ya bar gonar gero da garkar albasa a gabas, yanzu yana tura baro a Kasuwar Daji. Yaron da ke kan teburin bai wulaƙanta mu ba, ya ma miƙe ya ba shi kujera. Ya duba katinsa, ya ce: "Baba, yi haƙuri, wanga fom na matasa na. In kana da ɗa, ka kawo shi." Muka fito. Har muka kai bakin titi bai ce uffan ba, sai can ya ce da ni: "To ni mi za ni yi da sauran kwanana?" Ban iya ba shi amsa ba, shi ya sa na kawo tambayar gabanka.

Kukanmu na farko, wanda ya fi kowanne ci mana rai, shi ne wannan katanga ta shekaru. Kusan duk shirin koyar da sana'a ko tallafi da ya zo ƙasar nan, sai ka ga an rubuta daga shekara 18 zuwa 35. Haka shirin N-Power na Gwamnatin Tarayya ya zo da shi a 2016, haka kuma masu tsara shirye-shirye suka ɗauka kamar farilla. Ba ma baƙin ciki da matasa, ai 'ya'yanmu ne. Amma a duba a gani: saurayi mai shekara 22 idan bai samu aiki ba, bakinsa ɗaya ne, kuma akwai tukunyar gidansu. Magidanci mai shekara 45 idan sana'arsa ta tsaya, tukunyar ce gaba ɗaya ta sauka daga kan murhu. A rumfarmu na ga abin da ke biyo baya da idona. Da farko a daina biyan kuɗin makarantar Islamiyya. Sai a cire yarinya daga aji a ɗora mata farantin talla. Sai a sayar da akuyar uwargida, sai firiji, sai filin da aka ajiye don aurar da 'ya'ya. Daga nan maigida ya ce zai tafi ci-rani Legas ko Abuja, wata uku ya zama shekara uku, gida ya rage ba mai tsawatarwa. Yaran nan da ake kashe kuɗi ana neman cetowa daga shaye-shaye da zaman kashe wando, da yawansu daga irin waɗannan gidaje suka fito. Wanda ya tayar da uba ya tayar da mutum goma a lokaci guda.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, ta sanya jiharmu a gaba da kusan kashi 91 cikin 100. Babu Basakkwacen da ya ji daɗin wannan lissafi. Ni dai a ganina, wani ɓangare na amsar yana zaune a kan benci a rumfuna irin tamu: mutane masu lafiya, masu hankali, waɗanda suka san ciniki da riƙon amana, an bar su ba ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Bari in taƙaita nawa labarin, don kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Na fara da yaron mota, na zama direba, na shekara 21 ina ɗaukar kaya tsakanin Sakkwato da Illela da Ƙonni. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Muka ce kwana kaɗan ne. Wata goma sha shida aka yi. Ko da aka buɗe a Disamban 2020, Illela tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe, amma mai motar da nake ja ya riga ya sayar da ita. Na koma kabu-kabu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai ya zama in wuni a rana in dawo da abin da bai kai kuɗin cefane ba. Ina cikin sa ran komawa tsohuwar hanyata, aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, iyaka ta sake rufuwa. A nan na haƙura, na san kiɗa ya canza.

Wani yaro sa'an babban ɗana, mai haɗa wutar sola, shi na je na roƙa ya koya mini. Wata goma sha huɗu ina bin sa, ina riƙe masa tsani, ina ɗaukar batir, yana nuna mini yadda ake lissafin nauyin wutar gida da yadda ake karkata fanel ya fuskanci rana. Allah Ya saka masa da alheri, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yau ina iya haɗa wa gida wuta ni kaɗai, ina kuma sa wa masu lambu famfon sola a fadama. Amma a watannin nan goma sha huɗu, awarar uwargidana da ɗinkin amaryata ne suka riƙe gidan. Wanda ba shi da irin wannan gata fa?

Shi ne kuka na biyu. Magidanci ba zai iya zama almajirin sana'a da yunwa a gida ba. Duk horon da aka shirya daga ƙarfe tara na safe zuwa biyu na rana, an shirya shi ne don wanda wani ke ciyar da shi. Mu a wannan lokacin muke neman na tuwon dare. Mutum uku a rumfarmu sun fara koyon walda da gyaran waya, duk sun bari kafin wata biyu. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, buhun gero ne ya ƙare.

Na uku shi ne irin sana'o'in da ake koyarwa da tsawon lokacin da ake ba su. Sau nawa za a tara mata ɗari a koya musu sabulun ruwa da man shafawa da turaren ɗaki cikin mako biyu, a ba su takarda, a ɗauki hoto, a watse? Unguwa ɗaya mata ashirin suna yin sabulu iri ɗaya, wa zai saya a wurin wa? Keken ɗinki da injin markaɗe da ake rabawa, kowa ya san wasu a kasuwa suke kwana, domin wanda aka ba bai iya ba, ko kuma yunwa ta fi ƙarfinsa. Ba a zama gwani a mako biyu. Ni da na shekara ashirin ina taɓa wayar mota, sai da na shekara guda da wani abu kafin in yarda da hannuna a kan inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

Alhali aikin yi yana nan jibge a jihar nan, masu yin sa ne babu. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda muke kuka da shi, shi ne jarin mai sola. Masallatai, asibitoci, shagunan sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, kowa nema yake. A cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ɗakunan aikinta. Da yamma da ranakun hutu, me zai hana a buɗe mana su? Manoman albasa na Wurno da Goronyo da Gada da Kware suna asarar kaya mai yawa kowace shekara saboda ruɓewa a rumbu, suna kuma ƙone ribarsu a man injin ban ruwa. Ana buƙatar masu gina ma'ajiya mai iska da masu haɗa famfon sola da gyaransa. A Kalambaina ake yin siminti, amma idan mai kuɗi zai shimfiɗa tayil ko ya yi silin na zamani, sau da yawa sai ya ɗauko ma'aikata daga nesa. Fatar jar akuyarmu ta yi suna tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko don ta can take isa gare su. Har gobe da yawanta ɗanya ake lodawa a fitar, a gyara ta a wani gari, a dawo mana da takalmi. Dukawanmu da majemanmu suna nan da basirarsu, injin gamawa da kasuwa suka rasa.

Na huɗu, maganar takarda. Mai gyaran rediyon da na ambata ya shekara 25 yana riƙe da ƙarfen narka dalma. Wata uku suka ishe shi ya koma gyaran waya ko inbata, amma a kan fom shi da wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba ɗaya suke, domin ba shi da shaidar kammala sakandare. Da yawanmu mun sauke Alƙur'ani, muna rubuta lissafinmu da ajami, amma a ofis sai a rubuta mana "bai yi karatu ba". Fom ɗin kansa da Turanci yake, a intanet, sai ka biya yaron shagon kwamfuta ya cike maka, in ya yi kuskure a lambar waya shi ke nan. Na samu labari daga malaman fasaha cewa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa tana da tsarin da ake gwada mutum a kan abin da hannunsa ya riga ya iya, a ba shi shaida gwargwadon matakinsa ko da bai zauna a aji ba. In haka ne, a kawo mana shi kusa, a kuma yi mana bayaninsa da Hausa a rediyo. Ni kaina na rasa wani aikin sa fitilun sola a wata makaranta saboda an ce in kawo satifiket, alhali wanda ya samu kwangilar ni ya dawo ya ɗauka na yi masa aikin a kan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin.

Na biyar ya shafi 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro. Manomi ba malalaci ba ne, ranka shi daɗe. Mutumin da ya saba cika rumbu ya yi zakka, yau yana layin karɓar kwano biyu na shinkafa, wannan kaɗai ciwo ne. Tallafin abinci yana da kyau, Allah Ya saka, amma ana cinye shi a kwana uku. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, cewa ya yi a nuna masa hanyar kasuwa. Waɗannan bayin Allah ma abin da suke roƙo ke nan. Wasunsu ba sa ma buƙatar sabuwar sana'a, aron fili suke so a fadamar da ke kusa da gari, da famfo, su ci gaba da abin da suka gada har Allah Ya kawo zaman lafiya. Matansu kuwa, musamman waɗanda aka kashe wa maza, sun ce in faɗa maka cewa ba za su iya barin marayu su tafi wata cibiya a ƙarshen gari ba. In za a koya musu, a zo cikin unguwa, mace ta koya musu, a lokacin da yara ke makaranta.

Ma'aikatan gwamnati ma suna da nasu. Doka ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya fara aiki yana da shekara ashirin zai fita yana da 55, da ƙarfinsa, da 'ya'ya a firamare. Ranar da kuɗin sallama ya shigo hannunsa sai ya zuba su a kiwon kaji ko sayen mota, abin da bai taɓa yi ba, cikin shekara guda su narke. Da a ce shekara biyu kafin ritaya ana ba shi rana ɗaya a mako ya je ya zauna da masu sana'ar da yake sha'awa, da ba a yi wannan asara ba.

Akwai wani laifin da yake namu ne, ba na gwamnati ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mu Hausawa muna da kunyar komawa baya. Ranar da aka fara ganina ɗauke da tsani a bayan yaro, har gida aka zo ana yi wa iyalina jaje kamar an yi mutuwa. Wasu sana'o'in kuma mun ɗaure su da gado: jima ta majema ce, ƙira ta maƙera ce, fawa ta mahauta ce, ɗan wane ba ya taɓawa ko da zai kwana da yunwa. Muna faɗin gemu ba ya hana ilimi, amma sai mu taƙaita shi a kan karatun allo da littafi. Abin mamaki, a garin da muka tashi muna jin cewa Mujaddadi Shehu Usmanu da kansa yana tufka igiya don ya ci daga guminsa. Kuma a nasihar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina a kan mulki, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya ce a wadata kowane gari da su. Wannan nauyi tun daga tushen daular nan yake, kai ne kuma kake ɗauke da kasonsa a yau.

Don haka, ranka shi daɗe, ga abin da muke roƙo.

A cire iyakar shekaru daga duk shirin koyar da sana'a da jiha ke kashe wa kuɗi. In hakan ba zai yiwu ba, a ware kashi ɗaya bisa uku na gurabe ga maza da mata 'yan shekara 36 zuwa 60. Shirye-shiryen da ke zuwa daga Abuja ko daga ƙungiyoyin agaji, a sanya musu wannan sharaɗi tun a teburin yarjejeniya.

A mayar da horon na yamma, daga bayan la'asar, a kuma ba shi aƙalla wata shida zuwa shekara. Maimakon gina sababbin cibiyoyi, a yi amfani da ɗakunan aikin kwalejojin da muke da su, sannan a biya gwanayen da ke cikin gari, masu walda da kanikawa da dukawa da masu sola, su ɗauki mutum biyu ko uku kowannensu. A biya rabin kuɗin a farko, sauran sai almajirin ya ci jarrabawar hannu. A lokacin koyon a taimaka wa magidanci da abin sawa a tukunya, ko da hatsi ne ba kuɗi ba.

Kayan aiki kada a ba mu kyauta. Abin da aka samu a banza ba ya daɗewa a hannu. A saya a sayar mana bashi, mu riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba tare da kuɗin ruwa ba, domin da yawanmu tsoron riba ne ya hana mu kusantar banki, kuma yanzu akwai bankunan da ke aiki bisa tsarin Musulunci da za a iya haɗa hannu da su. Mai unguwa da limami da shugaban 'yan sana'a su tsaya wa mutum, su ne suka san wanda zai biya. Sunaye kuma a liƙa su a ƙofar hakimi kowa ya gani, kada su biyo ta aljihun ɗan siyasa.

A buɗe wurin gwajin sana'a da bayar da shaida a kowace shiyya ta jiha, a yarda mutum ya amsa da Hausa. Idan ma'aikatu za su ba da ƙananan ayyuka, irin su fitilun sola da gyaran rijiyoyin burtsatse da kujerun makaranta, a ware wani kaso ga waɗanda suka fito daga wannan horo, don kada su ƙare da takarda a hannu ba aiki.

Muna kuma roƙon ka isar da maganar kunyar nan ga Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da malamanmu. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a kan darajar dattijon da ya koma koyon sana'a za ta yi abin da tallan rediyo na wata guda ba zai yi ba.

Kafin a kai kasafin kuɗin shekara mai zuwa gaban majalisa, muna roƙon a turo mana jami'i ko da guda ɗaya ya zauna da mu. Mun rubuta sunayenmu a littafi, kowa da tsohuwar sana'arsa, da wadda yake son koya, da yawan bakin da yake ciyarwa. Duk ofishin da aka ce mu kai, za mu kai da ƙafarmu. Manomin nan da aka ce ya kawo ɗansa, sunansa ne na farko a shafin. Gyaran famfon ban ruwa yake son koya, kuma bakin da ke jiransa goma sha ɗaya ne.

Allah shi taimake ka, shi ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon direban hanyar Illela, yanzu mai haɗa sola,
a madadin 'yan rumfar Mabera, Sakkwato.